Albasar Tabelot a Ajin Kimiyya

Yau muna unguwar Dagmanet ne a birnin Agadas, kuma zancenmu a kan malamin gobe ne, wanda zai tsaya gaban ƴaƴanmu na sakandare ya koya musu ilimin halittu da na ƙasa, darasin da yara ke kira SVT.

Tsohuwar makarantar da ke horar da irin wannan malami, wato ENS, tana Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, bakin kogi, fiye da kilomita 900 daga nan. Can saurayi ko budurwa ke ƙoshi da karatu cikin Faransanci, sannan a turo shi garin da ruwan samansa na shekara da ƙyar yake kai milimita 150. Ilimi kam ya zo da shi. Abin da ke damuna shi ne, yaron da ke zaune a bencin baya, ɗan mai garka, ya fi shi sanin yadda ake ba shuka ruwa a Abzin.

Yaron nan ya ga raƙumi na jan guga a bakin rijiya, ya ga lokacin da injin ban ruwa ya karɓe aikin. Ya san lemun Timia, ya san albasar Tabelot da ake lodawa a manyan motoci bayan damina, lokacin da ta kudu ta yi ƙaranci. Ya sha ganin farin gishiri ya fito a bakin fangali, amma ba wanda ya taɓa gaya masa cewa rana ce ke shanye ruwa ta bar gishirin a sama, har ƙasa ta gaji. Wannan bayanin aikin malam ne, in an koya masa.

Shi ya sa nake roƙon masu tsara horon nan: kafin a ba ɗalibin malanta alli, a kai shi garka a bakin ƙoramar Telwa, ya yi kaka guda hannunsa cikin laka. Agadas na da jami'arta tun 2014, masu garka kuma ba sa rowar sani.

Kayan aikin koyar da darasin ma ba tsada. A ɗaura leda a reshen aduwa da safe. Kafin azahar ɗigon ruwa ya taru a ciki, yara sun gani da idonsu cewa itace na fitar da ruwa ta ganye. In makaranta na da madubin likita ko guda ɗaya ne, a yanka albasa, a ɓare siririyar fatar nan ta ciki, a ɗiga mata ruwa a kan gilashi. Yara su yi layi, kowa ya kanne ido ɗaya ya leƙa: ga ƙwayoyin halitta jere kamar tubalin katanga, a cikin albasar da babansa ya shuka.