Shin Siffar Firam Na Ƙara Wa Keken Tsere Gudu?

Da zarar mai keke ya haura kilomita 30 a awa a miƙaƙƙiyar hanya, yawancin ƙarfinsa wajen keta iska yake ƙarewa. Shi ya sa kamfanoni ke ƙera firam mai siririn gaba. Sai dai kusan kashi uku cikin huɗu na turjiyar iskar, jikin mahayin ne ke jawo ta. Misali, a gasar Tour de France ta 1989, Greg LeMond ya doke Laurent Fignon da daƙiƙa 8 kacal, bayan ya ɗaura wa kekensa mariƙin da ke sa shi duƙawa ya haɗe hannuwa. Ɗan tsere zai ci moriyar firam mai siririn gaba. Mai motsa jiki kuwa, duƙawa da matsattsiyar riga sun fi masa amfani, sun kuma fi araha.