Kawalwalniya Cikin Sanda: Ƙirar Sandar Roba Mai Lanƙwasa Haske

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake ƙera wata irin sandar roba garai-garai, wadda haske ke tafiya cikinta a lanƙwashe maimakon a miƙe. Kafin a shiga batun ƙira, wajibi ne a fahimci abin da za mu kira awon karkata, watau lambar da ke nuna yadda abu ke rage wa haske sauri. Awon iska kusan 1 ne, na ruwa 1.33, na robar akirilik kuwa 1.49. Gwargwadon girman lambar, gwargwadon nawar haske cikin abin.

2.0 Dalilin Bambanta Awo

Kawalwalniya ita ce misali mafi kusa. Iskar da ke daf da ƙasa ta fi zafi, awonta ya fi ƙanƙanta, don haka hasken da ya sauko daga sama sai ya lanƙwashe sannu a hankali ya sake hawa, ido ya zaci ruwa ne. Wannan hali ake so a kulle cikin sanda: awo mafi girma a tsakiya, yana raguwa kaɗan-kaɗan zuwa gefe. Hasken da ya ratse gefe hanyarsa ta fi tsawo, amma ya fi sauri. Na tsakiya hanyarsa gajeriya ce, amma da nawa. Ta haka suke isa ƙarshe kusan tare. Inda awon bai ɗaya ne, wani haske kan riga wani isa, saƙon da aka aika ya cakuɗe.

3.0 Hanyoyin Ƙira

A Japan aka fara cin nasara. A 1968 kamfanonin Nippon Sheet Glass da NEC suka fito da sandar gilashi mai suna SELFOC. Sai dai gilashi na da saurin fashewa, roba kuwa ta fi sauƙi da araha.

A 1973 Yasuji Ohtsuka na Jami'ar Keio ya bayyana hanya mai mataki biyu. Da farko akan dafa ruwan roba mai babban awo har ya yi kauri kamar alewa, bai kai ga daskarewa ba. Sa'an nan a tsoma wannan sanda cikin wani ruwan roba mai ƙaramin awo, ya riƙa ratsa ta daga waje, kamar yadda baba ke ratsa ƙunshin zane a marina: gefe ya sha sosai, ciki ya sha kaɗan. Daga nan a ƙara zafi har ta ƙafe a haka.

Daga baya ɗalibinsa, Yasuhiro Koike, ya kyautata wata hanya dabam. Akan cika bututun akirilik da ruwan akirilik da aka gauraya da sinadari mai babban awo. Daskarewa na farawa daga jikin bututu, tana tura sinadarin zuwa tsakiya, domin ƙwayoyinsa sun fi girma, ba sa shiga ɓangaren da ya yi kauri da sauƙi. In an gama, akan zafafa sandar a ja ta ta zama zare, tsarin awon na nan yadda yake.

4.0 Kammalawa

A taƙaice, wuyar aikin ita ce sanin lokacin tsayawa. In aka gaggauta, bambancin awo ya tsaya a gefe kawai. In aka jinkirta, ya ɓace gaba ɗaya. Sandar da aka daidaita takan yi aikin gilashin tara haske cikin injinan kwafar takardu, zarenta kuwa ya ɗauki saƙonnin kwamfuta a gajeren zango.