Bawul a cikin bawul: gyaran zuciya ba tare da tsaga ƙirji ba

Kusan duk wata sai an kira ni daga gida da tambaya iri ɗaya: "Anti, wai da gaske ne a Saudiyya ana canza bawul ɗin zuciya ba a buɗe ƙirji ba?" Da gaske ne, amma ba ga kowa ba.

Bawul ɗin da likitoci ke dasawa iri biyu ne. Akwai na ƙarfe, mai daɗewa, wanda ke sa mutum shan warfarin iya rayuwarsa. Akwai kuma wanda ake yi da tantanin jikin dabba. Wannan yakan gaji bayan shekara 10 zuwa 15, a jikin matashi ma ba ya kaiwa haka. Idan ya gaji, numfashi ya fara sarƙewa, ƙafa ta kumbura, a da sai a sake tsaga ƙirji, kuma tiyata ta biyu ta fi ta farko haɗari.

A 2002 ne Dakta Alain Cribier ya fara dasa bawul ta cikin jijiya a birnin Rouen na Faransa. Aikin ana kiransa TAVI, kuma Cibiyar Zuciya ta Madina na yin sa. Daga baya aka fara zura sabon bawul a naɗe ta jijiyar cinya, a buɗe shi cikin tsohon da ya lalace.

Binciken VIVID, wanda mujallar JAMA ta buga a 2014, ya bi marasa lafiya 459 da aka yi wa haka. Bayan shekara ɗaya, kashi 83 cikin 100 suna raye, alhali yawancinsu tsofaffi ne da tiyata ke da haɗari a gare su. Waɗanda tsohon bawul ɗinsu ƙarami ne sun fi samun matsala, don sabon ba ya samun wurin buɗewa sosai.

Sai dai kusan duk wannan a kan tsofaffi ne da bawul ɗin babbar jijiyar zuciya. Namu na Kano da Maraɗi galibi matasa ne da ciwon maƙogwaron da ba a magance ba tun yarinta ya cinye wa bawul. Na ƙarfe kuwa ba a zura masa wani a ciki, sam.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne katin bawul. Bayan tiyata ana ba da ɗan kati mai sunan bawul ɗin da girmansa, kuma shi likita zai fara tambaya. Sau nawa na nema aka ce ya ɓace a ƙaura! Don Allah ku ɗauki hotonsa a waya yau, tare da sakamakon hoton zuciya na ƙarshe, kafin a fara maganar biza da kuɗin jirgi.