Mutum-mutumi ya karɓi dako a Amurka, amma buhun Guri ya fi ƙarfinsa

Da zarar an kammala girbin shinkafa a fadamar Guri da ke masarautar Haɗeja a jihar Jigawa, aiki ya koma wuyan 'yan dako. Su ne ke ɗaukar buhun shanshera daga bakin gona zuwa mota, su sauke a sito, idan mai saye ya zo su sake loda shi. Buhu ɗaya kan hau bayan mutum sau da dama kafin ya isa kamfanin casa ko kasuwar Dawanau a Kano.

A wasu ƙasashen, irin wannan aikin ya fara barin hannun ɗan'adam.

A 2012 kamfanin Amazon na Amurka ya sayi Kiva Systems, mai ƙera mutum-mutumin ɗaukar kaya, a kan dala miliyan 775. Na'urar gajera ce, tana shiga ƙarƙashin kantar kaya, ta ɗaga ta, ta kai wa ma'aikaci inda yake tsaye. A 2025 Amazon ya ce yawan mutum-mutuminsa ya kai miliyan ɗaya. Shi kuwa kamfanin DHL, tun 2023 yake amfani da wani mai suna Stretch, ƙirar Boston Dynamics, wajen sauke kwalaye daga tirela.

To me zai hana a kawo su Guri?

Abu na farko nauyi. Stretch ba ya ɗaga abin da ya wuce kimanin kilo 23, kuma da tsotson iska yake kama kwali, don haka yana son kaya mai santsi, mai kusurwa huɗu. Buhun hatsi ba haka yake ba. Yana lanƙwasa, iska na ratsa saƙarsa, kuma cikakken buhu a kasuwannin Arewa yakan kai kilo 100. Su kuma masu shiga ƙarƙashin kanta sai da daɓen siminti mai laushi da alamomi a ƙasa da suke karantawa, ga caji, ga intanet da ba ya yankewa. A yankin da ambaliya ke cinye hanyoyi da damina, kamar yadda ta yi a 2022, har a koma kwalekwale, wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne.

Na biyu kuɗi. Kamfanonin Amurka sun koma ga na'ura ne saboda ma'aikaci na da tsada kuma yana wahalar samu. A nan ɗan dako kuɗin buhu ake biyansa, ranar da babu lodi babu ko sisi, kuma mai kaya ba ya ɗaukar nauyin maganinsa. Ɗan kasuwa ba shi da dalilin sayen inji.

Sai dai arhar tana da mai biyanta. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar cewa kada namiji baligi ya ɗauki kayan da ya wuce kilo 55 shi kaɗai. Ɗan dakon da ke saɓa buhu mai kilo 100 yana ɗaukar kusan ninki biyu, sau da yawa a rana, wani lokaci a kan katakon da aka jingina da mota. Ciwon baya da na gwiwa da gwaiwa na cikin abin da likitoci ke dangantawa da yawan ɗaukar nauyi, kuma wanda bayansa ya gaza ba shi da fansho.

Kayan kuma ƙaruwa suke yi. A Nuwamban 2023 a yankin Haɗeja ne gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin noman alkama na rani, ga shinkafa da riɗi da yankin ya saba fitarwa.

Abin da ya fi kusa da sitocin Guri ba mutum-mutumi ba ne. Baro ne da kura, da dakali mai tsayi daidai da bayan mota, da bel mai juyawa da ke hawa da buhu sama, sai kuma rage buhun zuwa kilo 50 kamar na taki da siminti. Wannan na ƙarshen ma yana da ƙulli: a kasuwa da buhu ake yin ciniki, da shi kuma ake lissafin kuɗin mota da ladan dako. Idan aka raba shi biyu, sai dillalai da direbobi da shugabannin 'yan dako sun zauna sun yanka sabon farashi, in ba haka ba mai ɗauka zai yi sawu biyu a kan kuɗin sawu ɗaya.