KIWON KIFI A CIKIN GIDA: A FARA DA RUWA

Yanzu a wayar salula ana yawan ganin hotunan wani akwatin gilashi cike da ruwa. A ciki akwai kifaye ja da shuɗi da rawaya, suna yawo tsakanin wasu abubuwa masu kama da itatuwan dutse. Mutane suna tambaya: shin za mu iya yin irin wannan a Dumega? Amsa ita ce a'a. Amma ya kamata mu san yadda ake yin sa, domin akwai darasi a ciki ga duk mai son kiwon kifi a gidansa.

Akwatin teku

Waɗannan itatuwan dutse sunansu murjani. Ba dutse ba ne, ba kuma tsiro ba ne. Ƙananan dabbobi ne masu rai, suna gina gidansu a ƙarƙashin teku. Murjanin da iyayenmu mata suke ɗaurawa a wuya danginsu ne, daga Bahar Rum ake fito da shi. Akwai murjani mai yawa kuma a Bahar Maliya, kusa da Jidda.

A Turai da Amurka wasu mutane suna kiwon murjani da kifin teku a cikin ɗaki, don sha'awa kawai. Ba a cin kifin. Mai wannan kiwo yakan fara da tace ruwa sarai. Sannan ya zuba gishiri, gram 35 a kowace lita guda, kamar yadda ruwan teku yake. Akwati mai lita 100 yana cin gishiri kilo 3 da rabi. Gishirin ma na musamman ne, daga masana'anta. Na Bilma da na Foga ba su yi. Yana sa fitila mai ƙarfi, domin yawancin murjanin da ake kiwo ba ya rayuwa sai da haske. Yana sa famfon lantarki da ke motsa ruwa dare da rana. In wuta ta ɗauke ta daɗe, abin da ke ciki sai ya fara mutuwa.

Nijar ba ta da teku. Kafin mu ga teku sai mun bi ta Gaya, mun ƙetare Kwara, mun ratsa ƙasar Benin har Kwatano. Kuɗin da za a kashe a wannan akwati ya fi ƙarfin talaka, kuma ba ya sa kome a tukunya. Saboda haka mu bar wa masu shi.

Ga abin da ya shafe mu. Bayan mutumin nan ya gama haɗa kome, ba ya zuba kifi. Yakan jira mako 4 zuwa 6, akwati yana nan da ruwa kawai. Don me?

Kifi yana kashi a cikin ruwan da yake zaune. Yana kuma fitar da wata guba ta hanyar kunnuwansa, ana kiran ta amoniya. Ita ce mai warin nan da ke tashi a wurin da dabbobi suka daɗe suna fitsari. Saniya tana iya matsawa daga wurin. Kifi ba shi da inda zai je. In gubar ta taru, sai ta ƙone masa kunnuwa, ya daina cin abinci, ya mutu. Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne suke cinye wannan guba. Mai akwatin teku yana jiran su yawaita ne kafin ya kawo kifi.

Mu a nan ba mu da injin tace ruwa. Hanyarmu ta fitar da gubar guda ɗaya ce: a zubar da tsohon ruwa, a zuba sabo. Wanda zai iya wannan aiki kullum, shi ne zai iya kiwon kifi.

Kifin da ya dace da mu

Kifinmu tarwaɗa ce. Allah ya yi mata wata gaɓa a cikin kai, wadda take shaƙar iska da ita kai tsaye. Shi ya sa za ka ga tana tasowa saman ruwa tana haɗiyar iska. Shi ya sa kuma take daɗewa a cikin taɓo idan tafki ya fara ƙafewa. Ba ta bukatar lantarki. Karfasa ma ana kiwonta, amma ita tana son ruwa mai iska da wuri mai faɗi. Mai farawa ya fara da tarwaɗa.

Ƙasarmu tana da sa'a. Dumega, Tibiri, Geceme da Kore Mai Ruwa suna bakin fadamar nan da ake kira Dallol Mawri. A wurare da dama na fadama, ruwa ba shi da nisa. Ga kuma kasuwa: kifin da muke saya banda ne, daga wajen Gaya ko daga Najeriya. Ɗanyen kifi yana wuya idan tafkuna suka ƙafe.

Duba ruwanka tukuna

Kada ka sayi siminti sai ka amsa tambayoyi biyu. Ruwana yana da kyau? Ruwana yana da yawa?

A fadama akwai rijiyoyi masu kanwa ko gishiri. Ana gane su da ɗanɗano, da farin abin nan da ke fitowa a kan ƙasa idan ruwa ya bushe. Tarwaɗa tana jure kaɗan, amma ba ta jure mai yawa. Ku tuna yadda matan Foga suke dafa ruwa har ya ƙone, gishiri ya rage a tukunya. Haka rana take yi wa ruwan kifi. Ruwa yana tashi sama, kanwa tana zama a ƙasa. In kana ƙara ruwa kawai ba ka zubar da tsoho, kanwa tana ƙaruwa kullum ba ka sani ba.

Gwajin ba shi da wuya. Ka zuba ruwan rijiyarka a babban baho mai tsabta. Ka sa ƴan kifi 5, ka rufe da raga, ka ajiye a inuwa. Ka riƙa ba su abinci kaɗan, kana canja ruwan, har mako guda. In suna ci, suna yawo, ruwan ya yi.

Ruwan famfo wani lokaci ana sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta. Yana da kyau ga mutum, amma yana kashe kifi. A tara shi a buɗe, ya kwana biyu kafin a zuba. Bidon ko bokitin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari, ko man fetur, kada ya kusanci kifi ko an wanke shi.

Gina kwami

Kwami shi ne wurin tara ruwa na siminti, irin wanda masu garka suke yi. A gina shi kusa da rijiya, a wuri mai ɗan tudu, inda ruwa zai gangara zuwa shuka. Ga awon da ya dace da mai farawa: tsawo mita 2, faɗi mita 2, zurfi mita 1. A yi daɓen ƙasa da ɗan gangare zuwa kusurwa guda. A sa tiyo a wannan kusurwa don fitar da ruwa, domin a ƙasa ƙazanta take kwanciya. A yi shafe mai santsi. Tarwaɗa ba ta da ɓawo, bango mai kaushi yana ji mata ciwo.

Sabon siminti yana da kaifi, yana kashe kifi. Nan ne gaggawa take cutar mutane. A cika kwami da ruwa, a bar shi mako guda, a zubar, a wanke bango da burushi ba tare da sabulu ba. A sake cikawa, a sake barinsa mako guda, a zubar. Sannan a zuba ruwan kiwo, a gwada da kifi kaɗan kafin a kawo sauran.

A yi rumfar zana a sama, saboda zafin Afrilu da Mayu. A rufe bakin kwami da raga mai ƙarfi. Tarwaɗa tana tsalle, tsuntsaye da kyanwa kuma suna ɗauka.

Yanzu mu yi lissafi, tun da mun koya. In ruwa ya kai zurfin santimita 80, kwamin nan yana cin lita 3,200. Wato ganga 16 ke nan, irin mai lita 200. Idan kifi yana ƙanana, ana rage kashi ɗaya cikin uku na ruwan sau biyu a mako. Idan ya girma, sai an yi haka kusan kowane kwana biyu. Kashi ɗaya cikin uku ya fi ganga 5. Wa zai ja wannan ruwa? Maigida ya yi wa kansa wannan tambaya da gaskiya. A ganina, bai dace a ɗora aikin a kan mata da yara ba, su da suke jan ruwan sha da na dabbobi tun asuba. Wanda yake sayen ruwa a wurin mai kura, kiwon nan ba zai biya shi ba.

Zuba ƴan kifi

Kada a wuce 100 a karon farko. Za ka ji ana cewa kwami irin wannan yana ɗaukar ninkin haka. Gaskiya ne, amma ga masu injin ruwa da suka daɗe a sana'ar.

A sayi ƴan kifi masu tsawon yatsa, kansu ɗaya, daga wurin masu ƙyanƙyasa. Ma'aikatan gandun daji na Tibiri ko na Dogon Dutsi su ne masu kula da sha'anin kifi, a nemi shawararsu. Ƴan kifin tafki ba a san shekarunsu ba. Wani ƙarami ne a ido, amma tsoho ne, ba zai ƙara girma sosai ba.

A ɗauko su da sanyin safiya. In an iso, kada a juye su nan take. A ɗora abin da aka kawo su a ciki a kan ruwan kwami, kamar rabin awa. A riƙa ƙara masa ruwan kwami kaɗan-kaɗan, har su saba. Ranar nan ba a ba su abinci.

Tarwaɗa tana cin ƴar'uwarta. Kowane mako biyu a duba. In wasu sun fi sauran girma, a ware su a wani wuri. In ba haka ba, za ka zuba 100 ka kwashe 40.

Abinci

Abinci shi ne yake cin fiye da rabin kuɗin kiwo. Dusa kaɗai ba ta girmar da tarwaɗa, domin ita mai cin nama ce. Wata biyun farko a ba ta abincin buhu na masana'anta. Daga nan ana iya haɗawa da na gida: ƙuli-ƙuli, garin ƙananan kifi, dafaffen jini daga mahauta, gara, da dusa kaɗan. A kwaɓa, a murza ƙanana, a shanya. Kada a zuba gari haka nan, yana ɓata ruwa. Farar da aka yi wa feshi guba ce, kada a ba kifi.

Ga awo. Ƙananan kifi suna cin kashi 5 cikin 100 na nauyinsu a rana. Kifi 100 masu gram 10 kowane, nauyinsu kilo 1 ne. Abincinsu gram 50 a rana. In sun kai gram 200 kowane, nauyinsu kilo 20 ne, sai a koma kashi 3 cikin 100, wato gram 600. A raba shi biyu, safe da yamma. A zuba kaɗan-kaɗan. In sun daina ci, a tsaya. Abincin da ya nutse ya ruɓe, shi ma guba yake zama.

Lokacin ɗari, a Disamba da Janairu, ruwa yana yin sanyi. Kifi yana rage ci, girmansa yana tsayawa. A rage abinci, a rufe kwami da dare. Zai fi kyau a zuba ƴan kifi bayan ɗari ya wuce. Da abinci mai kyau, a wata 5 ko 6 tarwaɗa tana kai rabin kilo ko fiye.

A sami littafi. A rubuta ranar zuba kifi, yawansu, kuɗin abinci, ranar canja ruwa, da wanda ya mutu. Alamun ɓacin ruwa su ne wari, kumfa, da kifi ya tsaya a tsaye a saman ruwa ba ya motsi. In ka ga haka, ka rage rabin ruwan nan take, ka hana abinci kwana guda.

Lafiyar iyali

Kwami mai zurfin mita guda yana iya halaka ƙaramin yaro cikin ɗan lokaci, ba tare da an ji kukansa ba. Raga ta zama a ɗaure kullum. In da hali, a kewaye wurin, a sa ƙofa.

Kifi yana cinye tsutsar sauro a cikin kwami. Amma ruwan da aka zubar, in ya kwanta a tsakar gida, sauro zai haihu a ciki, zazzaɓin cizon sauro ya ƙaru. A haƙa masa hanya zuwa gindin zogale, mangwaro ko rake. Ruwan nan taki ne mai kyau. A zuba shi a gindin shuka, ba a kan ganyen salati da za a ci ɗanye ba. Kada a ɗebo ruwan tafki a zuba a kwami. Yana iya zuwa da ƙananan katantanwa masu ɗauke da cutar tsargiya, mai sa yara fitsarin jini.

Kifi yana gina jiki kamar nama da ƙwai. Mace mai ciki da mai shayarwa suna bukatarsa. Yaro da ya cika wata 6 ana iya ba shi, tare da nonon uwa. A dafa sosai, a cire ƙaya da hannu mai tsabta, a marmasa, a sa masa a kunu ko a miya. Ranar kwashe kifi, a fara ware na gida. Sauran a sayar ɗanye, ko a yi banda a ajiye.