Baƙon Ɗalibi da Tsarin Kwasa-Kwasansa a Zangon Farko



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu duba halin ɗalibin da ya shigo jami'a daga tsakiya, wato wanda bai fara daga aji ɗaya ba. Irin waɗannan ɗalibai kashi biyu ne. Akwai wanda ya fara karatu a wata jami'a, sa'an nan wani dalili ya sa ya nemi canji zuwa wata. Akwai kuma mai takardar NCE ko difloma ko IJMB, wanda aka ɗauka kai tsaye zuwa aji biyu, kuma da yawa daga cikin ma'aikatan da ke zuwa ƙaro ilmi ta wannan ƙofa suke shigowa. Dukansu baƙi ne, sun tarar da abokan karatunsu sun riga sun shekara a wurin, kuma aikin farko da ke jiransu shi ne cika takardar rajistar kwasa-kwasai. Abin da nake son tabbatarwa a yau shi ne, wannan takarda da ake cikawa a gurguje ita ce sau da yawa take yanke irin digirin da mutum zai fita da shi.

Bari mu fara da tsarin kansa. Jami'o'in Nijeriya suna auna kowane kwas da abin da ake kira yunit. Yunit ɗaya yana nufin awa ɗaya ta lacca a kowane mako har tsawon makonni 15, ko kuwa kimanin awa uku na aikin gwaji. Bisa ƙa'idar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, ɗalibi yana ɗaukar yunit 15 zuwa 24 a zango guda, kuma mai digirin shekara huɗu yana bukatar aƙalla 120 kafin ya kammala, wanda ya shigo aji biyu kuwa 90. Ke nan baƙon ɗalibi zango shida gare shi inda abokansa ke da takwas, saboda haka kowane zango nasa ya fi nasu nauyi a ma'auni.

Mataki na farko shi ne ɗalibi ya san abin da ya zo da shi da abin da ake bin sa. Sai ya ajiye takardar sakamakonsa ta tsohuwar makaranta a gefe guda, littafin jagora na sabon sashe a ɗaya gefen, ya bi su kwas bayan kwas. Kada kamannin suna ya ruɗe shi. Manhajar da hukumar ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022 ta tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da ake koyarwa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30, don haka sassa biyu masu suna ɗaya na iya bambanta ƙwarai. Haka kuma jami'o'i sun sha bamban wajen karɓar makin da aka zo da shi: wata takan lissafa shi, wata kuma takan yafe kwas ɗin kawai. Duk kwas ɗin da aka ce an yafe, to, a nemi shaidar haka a rubuce daga shugaban sashe, gama maganar baka ba ta tsayawa a gaban Majalisar Jami'a ranar da ake tantance masu fita.

Mataki na biyu shi ne jera kwasa-kwasai bisa muhimmancinsu. Na farko su ne waɗanda suke tsani ga wasu. Alal misali, a sashen Hausa ba a fahimtar tsarin sauti sai an san ilmin furuci, kuma ginin jimla yana dogara a kan ginin kalma. Da yake yawancin kwasa-kwasai sau ɗaya ake ba da su a shekara, wanda ya tsallake tsani a zangon farko sai ya jira baɗi, abin da ke samansa ma ya ja baya da shekara guda. Na biyu su ne sauran kwasa-kwasan dole na sashe. Na uku su ne na gama-gari, kamar Ingilishi da al'adun mutanen Nijeriya, waɗanda akan bukaci mai shigowa daga tsakiya ya koma aji ɗaya ya biya. A nan ake samun karo a jadawali, domin ba a yi la'akari da ɗan aji biyu ba sa'ad da aka tsara lokutan aji ɗaya, ga shi kuma jami'o'i da yawa ba sa barin ɗalibi ya zauna jarrabawa sai ya halarci kashi 75 cikin ɗari na laccoci. Kwasa-kwasan zaɓi su ne na ƙarshe, da su ake cike gurbin da ya rage.

Mataki na uku shi ne yawan kayan da za a ɗauka, kuma a nan zumuɗi yakan ka da mutane. Baƙo yana ganin an wuce shi, sai ya cika yunit 24 don ya cim ma abokansa. Bari mu yi lissafi. A ma'aunin maki biyar, A tana da 5, B 4, C 3, D 2, E 1, F kuwa babu kome; ana ninka wannan da yunit ɗin kowane kwas, a tara, a raba da jimlar yunit. Mu ɗauka wani ya ɗauki yunit 18 ya sami B a duka: 72 a raba da 18, ya tashi da 4.00, wato daraja ta biyu babba. Wani kuma ya ɗauki 24, kaya suka yi masa yawa, ya sami C a yunit 18, ya faɗi a 6: 54 a raba da 24, ya tashi da 2.25, wato daraja ta uku. Ko da a zango na gaba ya sami B a yunit 18 cif, 126 a raba da 42 ba zai wuce 3.00 ba, ga kuma bashin yunit 6 a wuyansa. Hausawa sun ce ba a tauna taura biyu. Wannan ya fi shafar ma'aikaci mai iyali, wanda ya daɗe rabonsa da aji, domin kowace awa ta lacca tana neman wasu awoyi na nazari a bayanta.

Daga ƙarshe, a yi amfani da mutane da kuma lokaci. Kowane aji yana da malamin da ke kula da shi, kuma gara a je masa da jadawalin da aka riga aka zana a kan takarda da a je hannu rabbana. Tsofaffin ɗalibai sun san kwas ɗin da yake cin lokaci da nisan da ke tsakanin ɗakunan lacca; matambayi ba ya ɓata. Sa'an nan akwai 'yan makonni a farkon zango da aka keɓe don ƙara kwas ko ajiye shi. Wanda ya ga kaya sun fi ƙarfinsa, ya sauke a lokacin bisa ƙa'ida, domin kwas ɗin da aka yi wa rajista aka ƙaurace masa, F ake rubutawa.

Shawarata ga baƙon ɗalibi ita ce ya fara da tsani, ya tsaya kusa da yunit 18 in sashe ya yarda, ya riƙe kwafin kowace takarda da aka sa wa hannu. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.