Lambar da Na'urar Awon Suga Ke Nunawa: Yaushe Za a Yarda da Ita?

A da, mai ciwon suga a Kano ko Maraɗi sai ya yi sammako, cikinsa ba komai, ya bi layin asibiti kafin ya san inda sugansa ya kwana. Yanzu ɗan ƙaramin akwati ne a gefen gado: a soki yatsa, a ɗiga jini a kan sitirif, kafin a ƙirga goma lamba ta fito. Accu-Chek, OneTouch, On Call Plus da ire-irensu sun cika shagunan magani, har 'ya'ya na sayo wa iyaye a matsayin tsaraba.

Dalilin yaɗuwar wannan na'ura ba ɓoyayye ba ne. Ciwon ya yawaita. Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 537 ke ɗauke da shi, kusan miliyan 3.6 daga cikinsu a Najeriya. Asibiti ga nisa ga cunkoso. Su kuma kamfanoni suna sayar da na'urar da sauƙi, don sun san ribarsu tana cikin sitirif ɗin da za a yi ta saye har ƙarshen rayuwa. Alheri ne babba, ban musa ba. Abin da ke damuna shi ne na'urar ta riga iliminta isowa gida. Mai kemis ya miƙa kwali, ya karɓi kuɗi, da wuya ya ce wa mai saye lambar nan tana iya kuskure, balle ya nuna masa yadda zai gane.

Ko sabuwa fil, lafiyayya, na'urar gida kintace take yi na kusa. Ƙa'idar duniya mai lamba ISO 15197 ta 2013 ta ce a cikin awo ɗari, 95 su faɗo kusa da sakamakon ɗakin gwaje-gwaje: idan suga bai kai 100 mg/dL ba, kada saɓanin ya wuce 15 sama ko ƙasa, daga 100 zuwa sama kuwa, kada ya wuce kashi 15 cikin ɗari. Ke nan wanda ainihin sugansa 150 ne, na'urarsa na iya cewa 138, ta maƙwabcinsa ta ce 162, kuma babu wadda ta lalace. Mutane da yawa sun jefar da na'ura mai kyau saboda irin wannan saɓani. Ba ma kowace ke cika wannan sharaɗi ba: a wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2018, an gwada na'urori 18 da hukuma ta riga ta amince da su, shida kacal suka cika ma'aunin a dukan zagaye uku na gwajin.

Wannan a ƙasar da ake adana kaya yadda ya kamata ke nan. A wurinmu babbar matsalar sitirif ce. A bakinsa akwai wani sinadari mai rauni da ke haɗuwa da sugan jini ya haifar da 'yar wutar da na'ura ke mayarwa lamba. Zafi da laima suna kashe masa ƙarfi, shi ya sa akasarin kwalaye ke cewa a ajiye shi ƙasa da digiri 30. To a watan Afrilu Sakkwato da Yamai suna haura 40. Kwalin da ya yi wata biyu a shagon kwano mara fanka, ko ya wuni a cikin mota a rana, ba lallai ya nuna alamar komai ba. Lamba zai ci gaba da bayarwa, sai dai ba ta gaskiya ba. Da damina kuma, robar sitirif da aka bari a buɗe laima ce ke shigarta.

Tsada ta ƙara dagula lissafi. Tun da darajar naira ta faɗi bayan Yunin 2023, kayan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabi, har da sitirif. Sai aka koma saye ɗai-ɗai, a ƙulle a leda, ba kwali ba ranar ƙarewar aiki, ba lambar NAFDAC da za a duba. Wasu suna ci gaba da amfani da wanda wa'adinsa ya wuce don ganin asara ne a zubar. Ba na ganin laifin mara lafiyar da ke zaɓi tsakanin magani da cefane, amma awon da ba a da tabbas a kansa kuɗi ne aka kashe aka sayo ruɗani.

Akwai kuma jinin kansa. Ƙarancin jini yana sa wasu na'urori su nuna suga ya fi yadda yake, kaurin jini kuma ya sa su nuna ƙasa. Sababbin na'urori suna gyara wannan zuwa wani mataki, amma a inda zazzaɓin cizon sauro, sikila da juna biyu ke zuƙe jinin mutane, ba abin rainawa ba ne. Sai hannu: wanda ya ɓare mangwaro ko ya taɓa dabino ya soki yatsa bai wanke ba, sugan da ke fatarsa zai auna. Ruwa da sabulu, a bar hannu ya bushe, shi ne maganin wannan. Goge yatsa da audugar sifirit ba ya wadatarwa. Matse yatsa da ƙarfi ma yana gauraya jini da ruwan jiki. Wani ruɗanin kuma na ma'auni ne, domin wata na'urar da mmol/L take magana, wata da mg/dL. A ninka na farko sau 18 a sami na biyu: 7 daidai yake da 126.

Illar ba ɗaya take ga kowa ba. Mai shan ƙwaya kaɗai, kuskuren maki goma ba zai canja masa komai a ranar ba. Mai allurar insulin kuwa da lambar yake yanke hukunci. Idan na'ura ta ƙara masa, ya ƙara allura, suga na iya faɗuwa cikin dare, gumi da makyarkyata, wani lokaci har suma. A watan azumi abin ya fi tsanani, tunda shawarar likitoci ita ce mai ciwon ya karya azumi idan suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300. Na'urar da ke nuna 82 alhali 64 ne za ta bar dattijo yana jiran magariba cikin hatsari. Illar da ta fi ba ni tsoro a hankali take zuwa: mutum ya ga lambobi suna karo da juna, ya yanke ƙauna daga awon gaba ɗaya, ya koma jiƙe-jiƙe, sai bayan shekaru a gan shi da gyambon ƙafa ko ciwon ƙoda.

Tantance na'ura ba wuya gare shi ba. Kamfanoni suna yin wani ruwan gwaji mai sanannen adadin suga. A ɗiga shi a sitirif a madadin jini, a duba ko lambar ta faɗo cikin iyakar da aka rubuta a jikin robar. Ana yin haka idan an buɗe sabuwar roba, ko na'ura ta faɗi ƙasa, ko lamba ta saɓa wa yadda jiki ke ji. Sai dai kowane kamfani da nasa ruwan, yawanci wata uku yake yi bayan buɗewa, kuma samunsa a kemis ɗinmu sai an tona. Wannan giɓi ne da ya kamata masu shigo da kaya su cike, hukuma kuma ta tilasta musu.

Hanyar da ta fi dacewa da mu ita ce tafiya da na'urar asibiti ranar awo. A je kafin karin kumallo, domin bayan cin abinci jinin yatsa yakan fi na jijiya suga. Da an ɗebi jini, nan take a soki yatsa a rubuta lambar, a kwatanta idan sakamako ya fito. A tambaya ko an zuba jinin a kwalbar da ke hana suga raguwa, wadda aka fi sani da murfi ruwan toka, domin jinin da ya daɗe a ajiye ƙwayoyinsa na cinye sugan, sai a ɗora wa na'ura laifin da ba nata ba. Idan saɓanin ya tsaya cikin kashi 15 (ko maki 15 idan suga bai kai 100 ba), a ci gaba da ita. Idan ya wuce, a fara canja sitirif a sake gwadawa kafin a sayi wata.